Wa Ya Yi Ruri, Wa Ya Yi Raki? Sharhi a Kan Kalmomin Ɗaga Murya a Turancin Yau da Kullum

Gabatarwa

Duk wanda ya koyi Turanci a makarantun ƙasar nan ya san darasin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Malami zai jera "shout" da "yell" da "scream" da "bellow" a allo, ya ja layi a ƙarƙashinsu, ya ce duk ihu suke nufi. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya wuce. Darasin yana da amfani ga mai neman maki, amma yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci game da waɗannan kalmomi. Idan mai magana da Turanci ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya bar sauran, ƙarfin murya ɗan kaɗan ne daga abin da yake sanar da mai sauraro. Mafi yawan saƙon a kan mai muryar yake: babba ne ko ƙarami, namiji ne ko mace, yana da hujja ko ba shi da ita, ya cancanci a tsaya a saurare shi ko kuwa a yi masa dariya a wuce.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, kalmomin ihu da ƙorafi na Turanci hukunci ne da ake yanke wa mai magana tun kafin a ji abin da ya faɗa. Zan duba asalin wasu daga cikinsu, da yadda jaridun Birtaniya da Amurka ke raba su tsakanin mutane, sannan in dawo kan Turancin jaridunmu da fassarar da ake yi masa zuwa Hausa. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin da Turanci ake rubuta yawancin labaran da suka shafi rayuwarmu, kuma daga Turancin ake juyo mana su.

Dabbobin da Ke Ɓoye Cikin Kalmomin

Kalmar "shout" ita ce wadda ba ta ɗauke da kaya mai nauyi. Ana yin ta don kiran wanda ke nesa, ko don gargaɗi, ko murna, ko fushi, ba tare da an zargi mai yin ta da komai ba. Kalmar "yell" ta ɗan fi ta zafi, kuma Amurkawa sun fi yawan amfani da ita, musamman a faɗan iyaye da 'ya'ya. Ita kuwa "scream" tana nuna murya ta ƙwace wa mai ita, saboda tsoro ko azaba ko fitar hayyaci, yayin da "shriek" ta fi ta siranta da tsini. Ko a waɗannan huɗun ma an fara ganin matakala: yadda murya ke ƙara siranta, haka darajar mai ita ke ƙara raguwa.

Matakalar ta fi fitowa fili a kalmomin da Turanci ya aro daga kukan dabbobi. "Roar" rurin zaki ne, "bellow" rurin bijimi, "bark" haushin kare, "bray" kukan jaki, "bleat" kukan tunkiya, "squawk" kwakwazon kaza ko aku, "screech" kukan mujiya, "whine" kuwa kukan kwikwiyo da aka rufe a waje. Dukkansu ana amfani da su a kan mutane kullum, kuma ba a raba su da ka. Janar da alƙali da mai wa'azi da mai horar da 'yan ƙwallo su ake ba zaki da bijimi, wani lokaci ma a ba su "thunder", wato aradu. Sajen soja ana ba shi haushin kare, amma kare ne mai gadi wanda in ya yi haushi ake ƙamewa. Wanda marubuci ya raina kuwa, shi ake ba jaki da tunkiya da kaza. Idan jarida ta ce 'yan adawa sun yi "bleat" a kan haraji, ta riga ta gaya wa mai karatu cewa garke ne marar wayo, mai bin na gaba, wanda kukansa ba ya hana a kai shi mahauta. Ba ta kawo hujja ko ɗaya ba, kalma guda ta yi mata aikin.

Har yabo na musamman Turanci ya tanadar wa babbar muryar namiji. Siffar nan "stentorian" daga sunan Stentor take, mai shelar rundunar Girkawa a cikin Iliad na Homer, wanda aka siffanta muryarsa da cewa ta kai ta mutum hamsin. Kalma ce ta girmamawa, kuma da wuya a ji an yi wa mace ita.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan rabo. Mu ma muna da ruri da gurnani da haushi, kuma muna da tsawa, wadda daga sama take saukowa ƙasa. Uba ne ke daka wa ɗa tsawa. Idan ɗan ya mayar da murya mai ƙarfi iri ɗaya, ba a kiran ta tsawa, sai a ce ya ɗaga wa mahaifinsa murya, wato ya yi rashin kunya. Wanda ya gane wannan a harshensa ya kamata ya gane shi a Turanci. Abin mamaki shi ne yadda darasin aji ke sa mu manta da shi da zarar mun tsallaka zuwa harshen wasu.

Kalmomin da Ke Kashe Ƙorafi

A ɗauka ma'aikatan wata ma'aikata sun yi wata uku ba albashi, shugaban ƙungiyarsu ya tsaya a bakin ƙofa yana magana da ƙarfi. 'Yan jarida huɗu suna wurin. Na farko ya rubuta "demanded", na biyu "complained", na uku "moaned", na huɗu "ranted". Mutum ɗaya ne, murya ɗaya, magana ɗaya. Amma a wurin na farko mai haƙƙi ne yana neman haƙƙinsa. A wurin na biyu mai kai ƙara ne wanda za a bincika maganarsa. A wurin na uku rago ne mai mita. A wurin na huɗu kuwa mai kumfar baki ne wanda ba ya cikin hankalinsa. Ba a iya kama ko ɗaya daga cikinsu da laifin ƙarya, domin babu wanda ya sauya abin da ya faru. Wannan shi ne haɗarin waɗannan kalmomi: suna shigar da ra'ayi cikin labari ta ƙofar da ba a tsare ta.

Tarihin kalmomin ma yana ba da haske. "Complain" ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci daga wata kalmar Latin mai nufin dukan ƙirji saboda baƙin ciki. "Nag", wadda ita ce mita, masana asalin kalmomi suna danganta ta da kalmomin ƙasashen arewacin Turai masu nufin gwaguya, kamar yadda ɓera ke yi wa buhu. "Rant" daga harshen mutanen Holan take, inda take nufin sambatu. A wajen shekarar 1649, lokacin da Ingila ke cikin rikicin sarauta da addini, an laƙaba wa wata ƙungiyar masu bijire wa coci suna "Ranters", kuma abokan gābarsu ne suka raɗa musu shi. A ƙarni na 19 aka sake ɗora sunan a kan wasu masu wa'azin Methodist da ke tara talakawa a fili suna wa'azi da babbar murya. Tun farkonta ke nan, kalma ce da na ciki ke jifan na waje da ita.

Kalmar "heckle", wato katse mai jawabi da ihu daga cikin taro, ta fito ne daga masana'antar saƙa. Asalinta sharce zaren wani tsiro ne da ƙarfe mai haƙora, kuma masu wannan aiki a garin Dundee na ƙasar Sikotland sun yi suna wajen zafin siyasa da tsare masu jawabi da tambayoyi. A Ostireliya kuwa akwai laƙabin "whingeing Pom" da ake yi wa Baturen Ingila da ya yi ƙaura can yana kushe zafin rana da abinci. Darasin da ke cikin laƙabin a fili yake: baƙo ba shi da izinin ƙorafi, ko da abin da yake faɗa gaskiya ne. Idan aka tattara "whine" da "whinge" da "moan" da "grumble" da "nag", za a ga abu ɗaya ya haɗa su. Kowaccensu tana ɗauke hankali daga abin da ake kuka a kansa, ta mayar da shi kan halin mai kukan.

Muryar Mace

Babu inda wannan hukunci ya fi tsanani kamar a kan mata, kuma a Ingila ya taɓa zama doka a zahiri. Tsohuwar dokar ƙasar ta san wani laifi mai suna "common scold", wato mace mai yawan masifa da ke damun maƙwabta da bakinta. Hukuncinta shi ne a ɗaure ta a kujera a tsoma ta cikin kogi ko tafki a gaban jama'a. Akwai kuma linzamin ƙarfe da ake sanya wa mace a ka, da wani ɓangare da ke danne harshe, a zaga gari da ita. Labarin amfani da shi na farko da aka rubuta daga Sikotland yake, a shekarar 1567. Laifin kansa kuwa, ko da yake an daɗe da daina hukunta kowa a kansa, ba a share shi daga dokokin Ingila ba sai a shekarar 1967.

An ajiye linzamin a gidajen tarihi, amma kalmomin sun ci gaba da aikinsa. "Shrill" da "strident" da "hysterical" su ne aka fi jifan mata masu magana a bainar jama'a da su. Ta ƙarshen ma daga kalmar Girkanci mai nufin mahaifa take, saboda tsohon zaton likitocin Turai cewa mahaifa ce ke rikita hankalin mace. Margaret Thatcher, wadda ta yi firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, sai da ta nemi horo don ta kaurara muryarta, domin ta san da abin da za a auna ta. A watan Afrilun 2011, Firaminista David Cameron ya ce wa 'yar majalisa Angela Eagle "calm down, dear" a zauren majalisa, wato ta kwantar da hankalinta, da lafazin da ake lallashin yarinya, alhali zaure ne da maza ke kwarara ihu duk ranar Laraba ba wanda ya lallashe su. A yaƙin neman zaɓen Amurka na 2016 an sha kiran Hillary Clinton "shrill", ana cewa tana yi wa mutane ihu, a lokacin da abokan takararta maza, Bernie Sanders da Donald Trump, ba wanda ya san su da magana a hankali. Farfesa Mary Beard ta Jami'ar Cambridge ta bi sawun wannan ɗabi'a a laccarta ta 2014 da littafinta Women & Power na 2017, har zuwa farkon Odyssey, inda saurayi Telemachus ya hana mahaifiyarsa Penelope magana a gaban maza.

Filin wasa ya ba da misalin da ya fi kowanne sauƙin gani. Sir Alex Ferguson ya jagoranci Manchester United daga 1986 zuwa 2013, kuma an san shi da tsayawa dab da fuskar ɗan wasa yana zazzaga masa masifa. Turanci ya raɗa wa wannan ɗabi'a sunan raha, "hairdryer", wato na'urar busar da gashi, kuma har yau ana ba da labarinta cikin sha'awa a matsayin wani sirri na nasararsa. A ɗaya gefen, a wasan ƙarshe na gasar tanis ta US Open a watan Satumbar 2018, Serena Williams ta yi sa-in-sa da alƙalin wasa Carlos Ramos, ta kira shi ɓarawo, aka ƙwace mata wasa guda, daga baya aka ci ta tarar dala 17,000. Kalmar da ta cika kanun labarai ita ce "meltdown", wadda aka fi yi wa ƙaramin yaro da ke birgima a ƙasa. Wata jaridar Ostireliya, Herald Sun, ta buga zanen barkwanci da ya nuna ta tana tsalle a kan abin bugun ƙwallonta, zanen da ya jawo zargin wariyar launin fata a ƙasashe da yawa. Tsohuwar zakarar tanis Billie Jean King ta yi nuni a lokacin cewa fushin da ake kiran mace "hysterical" saboda shi, idan namiji ya yi sai a ce "outspoken" ne, wato mai faɗin gaskiya ba tsoro. Ba ina cewa Serena ba ta karya dokar wasa ba. Abin da nake dubawa shi ne kalmar da aka zaɓa, domin tara ta ƙare a ranar da aka biya, amma kalmar ta zauna.

Ihun da Ya Bi Ɗan Takara

Kada a ɗauka maza sun tsira. Hanya mafi sauri ta karya namiji a Turanci ita ce a ba shi kalmar da aka saba ba mata da yara. A daren 19 ga Janairun 2004, Howard Dean, tsohon gwamnan jihar Vermont, wanda ake gani a sahun gaba na masu neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, ya zo na uku a zaɓen fid da gwani na jihar Iowa. Ya hau dandamali don ya ƙarfafa gwiwar magoya bayansa, ya jero sunayen jihohin da zai ci a gaba, ya rufe da wata kuwwa da muryarsa ta shaƙe a cikinta. Makirufon da ke hannunsa irin wanda ke ɗaukar muryar mai magana ne kawai ya tace hayaniyar taro. Waɗanda ke cikin zauren da ƙyar suke jin sa saboda sowar jama'a, amma masu kallon talabijin sai suka ga mutum shi kaɗai yana ƙwala ihu ba dalili. An ƙidaya cewa manyan tashoshin talabijin na Amurka sun maimaita hoton sau 633 cikin kwana huɗu.

Sunan da aka ba abin shi ne "Dean Scream". Da an kira shi "roar" ko "rallying cry", da ya zama labarin jarumin da ya faɗi bai karaya ba. Da aka kira shi "scream", sai ya zama shaidar cewa mutumin ba ya iya riƙe kansa, don haka ba a ba shi ragamar ƙasa. Gaskiya ne ya riga ya sha kaye a Iowa kafin ya buɗe baki, kuma takararsa tana da matsalolinta. Amma cikin wata guda ya janye, kuma duk abin da ya faɗa a kan yaƙin Iraƙi da kiwon lafiya ya nutse, ihun daƙiƙa ɗaya ya zama abin da aka fi tuna shi da shi.

Turancin Jaridunmu da Fassararsa

A nan gida tarihin ya fara tun zamanin mulkin mallaka. A ƙarshen shekarar 1929 dubban mata a kudu maso gabashin Nijeriya suka tashi a kan jita-jitar za a ɗora musu haraji da kuma zaluncin sarakunan da Turawa suka naɗa. Sun yi amfani da tsohuwar al'adarsu ta kewaye gidan mai laifi da waƙa da rawa da zambo har sai ya saduda. Sojoji suka buɗe wuta, aka kashe mata fiye da 50. Takardun Turawa suka kira abin "Aba Riots", wato tarzoma, alhali matan da kansu Yaƙin Mata suka kira shi da harshen Ibo. Tarzoma hayaniya ce marar shugaba da manufa. Yaƙi kuwa yana da dalili da tsari. An ɗauki shekaru masu yawa kafin masana tarihi su mayar wa abin da sunansa.

Wanda ya saba karanta kanun jaridun Nijeriya na Turanci a yau zai lura da wani rabo da ba ya sauyawa. Mazauna unguwa da 'yan fansho da manoma da 'yan kasuwa kullum "cry out" suke yi, ko "lament", ko "groan". Gwamna da minista da kwamishinan 'yan sanda kuwa "warn" suke yi, ko "declare", ko "vow". 'Yan siyasa a tsakaninsu "blast" da "slam" suke yi wa juna. Na san ƙarancin fili a kanun labari yana tilasta wa edita neman gajerun kalmomi, amma gajarta ba ta bayyana dalilin da ya sa kuka ya zama rabon talaka shi kaɗai ba. Ɗan fansho da ya yi wa ƙasa aiki shekara 35 yana bin gwamnati bashi ne, kuma mai bin bashi nema yake yi. Idan aka ce kuka yake yi, an mayar da shi mai neman tausayi, an kuma mayar da biyansa alfarma.

A shekarar 2015 mai magana da yawun Shugaba Muhammadu Buhari, Femi Adesina, ya kira masu sukar gwamnati "wailing wailers", wato makoka masu kururuwa, sunan da asalinsa na ƙungiyar mawaƙan Bob Marley ne. Laƙabin ya kama kamar wutar daji. Cikin ɗan lokaci muhawarar siyasa a kafafen sada zumunta ta rabu gida biyu, "wailers" da "hailers", masu kuka da masu kirari. Wanda ya yi magana a kan tsadar abinci ko rashin tsaro ba ya buƙatar amsa kuma, an riga an san sunansa. Abin da aka yi wa "Ranters" a Ingila shekaru fiye da 360 kafin nan, shi aka maimaita.

Daga nan sai fassara ta ɗauko cutar ta shigo da ita Hausa. Kalmar da ta fi kowace yawa a labaran rediyo da shafukan intanet na Hausa idan ana maganar talakawa ita ce "sun koka". Manoma sun koka, direbobi sun koka, iyayen yara sun koka. Hukuma kuwa ta jaddada, ta gargaɗi, ta sha alwashi. Ina ganin wannan gado ne daga "lament" da "cry out" na kanun Turanci, wanda aka juyo ba tare da an tsaya an tambayi ko shi ne abin da mutanen suka yi ba. Sau da yawa idan aka saurari muryar da aka naɗo, sai a ji mutumin ba kuka yake ba: zargi yake yi, ko tambaya, ko kafa sharaɗi, ko tunatar da alkawarin da aka yi masa. Hausa tana da kalmomin duk waɗannan. Akwai kuma kishiyar matsalar, inda mai fassara ya tarar da "rant" ko "whine" a rubutun wani ɗan jarida na waje, ya mayar da ita "ya bayyana", sai mai sauraro ya rasa sanin cewa marubucin asali ya ɗauki ɓangare. A hali na farko an shigo da raini, a na biyu an ɓoye shi, kuma duka biyun daga darasin nan na allo suka samo tushe.

Abin da Za a Iya Cewa a Kan Wannan Ra'ayi

Mai karatu zai iya cewa ai akwai ihun banza da gaske, akwai mai mita da gaske, kuma harshen da ba shi da kalmar siffanta su ya talauce. Na yarda. Marubucin ƙagaggen labari yana buƙatar "bellow" da "shriek" kamar yadda marubucin Hausa ke buƙatar ɓaɓatu da kwarmato da hargagi da bambami, kuma ba na kira da a kore su daga ƙamus. Wani mai jawabin sambatu yake yi, kuma faɗin haka gaskiya ce. Bambancin yana wurin da kalmar ta fito da kuma wanda ta saba sauka a kansa. A cikin sharhi, inda marubuci ya fito da ra'ayinsa a fili, yana da damar ya ce wane ya yi kumfar baki, sannan ya kawo dalili. A cikin labari, inda aka yi wa mai karatu alkawarin abin da ya faru kawai, kalmar ta zama hukunci ba shari'a.

Za a iya cewa kuma Hausa ba ta fi Turanci adalci ba. Wannan ma haka ne. Mita a bakinmu ta fi manne wa mata, raki kuwa zagi ne ga namiji domin ana ganin ya yi abin mata da yara. Sanin namu aibin shi ya kamata ya sa mu saurin gane na wasu.

Abu na ƙarshe da ya cancanci tunawa shi ne, Turanci bai ɗauki ɗaga murya abin kunya a kowane hali ba. Dokar Winchester ta shekarar 1285, a zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta ƙarfafa al'adar "hue and cry": wanda ya ga ana aikata laifi wajibi ne ya yi kururuwa, wanda ya ji kuma wajibi ne ya fito a bi sawu, idan ɓarawo ya tsere jama'ar yankin su ɗauki asarar. Wannan ita ce yekuwar da muka sani. Majalisar dokokin Birtaniya kuwa, wadda ƙasarta ke alfahari da haɗiye fushi, ta yi suna a duniya da hargowa, har John Bercow, kakakinta daga 2009 zuwa 2019, ya shahara saboda yadda yake kurma ihun neman a yi tsit. Ashe ƙarar murya ba ita ce laifin ba. Abin da ake tuhuma shi ne wanda ya ɗaga ta, da wanda ya ɗaga wa.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa kalmomin ihu da ƙorafi na Turanci suna da matakala, daga zaki zuwa kwikwiyo, kuma ana ɗora mutane a kanta gwargwadon muƙami da jinsi da launi da ɓangaren siyasa. Na kawo misalai daga dokokin Ingila, da majalisarta, da filayen wasa, da zaɓen Amurka, da kanun jaridunmu, domin a ga cewa al'ada ce mai tsawon tarihi wadda har yau take aiki.

Shawarata ga malaman Turanci ita ce su daina koyar da waɗannan kalmomi a jere kamar tagwaye. Su nuna wa ɗalibi wanda ake yi wa kowacce da abin da take nufi da shi. Ga masu fassara da editoci kuwa, akwai gwaji mai sauƙi kafin a saki kalma: da gwamna ne ya faɗi wannan magana da wannan murya, ko da namiji ne, ko da ɗan jam'iyyarmu ne, wannan kalmar zan ba shi? Idan amsar a'a ce, to a nemi wata. Ga mai karatu, ya saba wa kansa da tsallake kalmar ya nemi maganar: me mutumin ya ce, kuma gaskiya ne ko ƙarya?

Hausawa suna kwatanta iyakar zalunci da a doke ka a hana ka kuka. A zamanin jarida da intanet ba a cika hana kowa kuka ba, sai dai a raɗa wa kukan sunan da zai sa kowa ya toshe kunne. Wanda ya san yadda ake raɗa wannan suna a Turanci ya rage yiwuwar a yi amfani da shi wajen toshe nasa kunnen, ko a ari bakinsa a raɗa wa wani.